Darasi: Yadda Ake Sanya Wa Tsohuwar Mota Injin Zamani, Daga Dodge Charger Zuwa Fijo 504

Duk matashin da ke yawan leƙa YouTube ko TikTok a wayarsa ba zai rasa cin karo da bidiyon wata tsohuwar motar Amurka ba, wadda aka jawo daga bayan gida, tsatsa ta cinye ta, ƙura ta rufe gilasanta, amma kafin bidiyon ya cika minti goma sai ga ta tana sheƙi, injinta na ruri. Wanda ya kalli fim ɗin Fast and Furious na 2001 kuwa ya ga irinsu: baƙar Dodge Charger ƙirar 1970. Abin da gajeren bidiyo ba ya nunawa shi ne watannin da aka ɓata ana aune-aune, da walda, da bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Wannan aiki bai tsaya a Amurka ba. A Tsiga da ke ƙaramar hukumar Bakori, da sauran garuruwan noma na tsakanin Funtua da Malumfashi, akwai tsofaffin motoci da ke fitowa da kaka suna jigilar masara da dawa da waken suya zuwa kasuwannin Bakori da Funtua da Dandume. Akwai kuma waɗanda aka jingine a gindin bishiya saboda inji ya buga, ko don shan mansu ya fi ƙarfin mai su. Darasin yau zai bi matakan da ake bi wajen farfaɗo da irin wannan mota da injin zamani, da kurakuran da ke cinye kuɗi ko rai, da kuma inda wayar hannu ke shigowa cikin aikin.

Wace ce mota mai ƙwanji?

A shekarun 1960 kamfanonin Amurka sun fara ɗaukar babban inji mai silinda 8, wato V8, suna sanya shi cikin mota matsakaiciya mai ƙofa biyu, wadda tayoyin baya ke tura ta. Amurkawa suka yi wa irin waɗannan motoci laƙabi da masu ƙwanji. Wadda aka fi ɗauka a matsayin ta farko ita ce Pontiac GTO ta 1964, mai inji lita 6.4 da ƙarfin doki 325. A shekarar ce kuma Ford Mustang ta fito, sai Dodge Charger a 1966, sannan Chevrolet Camaro ƙirar 1967. Wasu Charger ɗin na ɗauke da injin Hemi mai lita 7 da ƙarfin doki 425.

Zamaninsu bai daɗe ba. Dokar tsaftace iska ta 1970 a Amurka, da tsadar inshora, da rikicin man fetur na 1973, su suka taru suka karya kasuwarsu. Motocin na da kyan gani da ƙarfi, amma suna zuƙar mai, birkinsu bai kai ƙarfin injinsu ba, kuma ba sa son kwana da gudu.

Yau masu sha'awarsu sun rabu gida biyu. Akwai masu mayar da mota yadda ta fito daga kamfani, har launin fenti da irin noti. Akwai kuma masu barin jikin da siffarsa ta da, su canza abin da ke ciki: inji, giya, birki, sifirin da wayarin. Wannan na biyu shi Amurkawa ke kira restomod. Injinan da suka fi amfani da su su ne jerin LS na General Motors, wanda ya fara fitowa a Corvette ta 1997, da Coyote mai lita 5 na Ford da ya zo da Mustang ta 2011. Kasuwar ta bunƙasa har kamfanoni na sayar da sabon inji cikin akwati domin tsofaffin motoci, kamar Hellcrate mai doki 707 da aka fitar a 2017.

Fijo 504: tsohuwar zumar gida

A Arewa ba a cika ganin Charger ko GTO ba. Motar da ta fi kusa da su ta fuskar tsarin gini ita ce Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo. Ita ma injinta na gaba, a miƙe daga gaba zuwa baya, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A shekarar ce masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki. Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, amma a Kaduna an ci gaba da harhaɗa ta har zuwa 2006. Ta yi aikin motar gwamnati, ta yi tasi tsakanin garuruwa, fikof ɗinta kuma ta gaji akori-kura wajen ɗaukar buhuna.

Bambancin shi ne manufa. Ba'amurke na neman gudu da ƙara. Manomi ko direba a Tsiga yana neman motar da za ta tashi da bugu ɗaya da asuba, ta ja kaya a kan burji, ta kai Funtua ta dawo ba tare da ta cinye ribar ranar a mai ba. Wannan buƙata ta ƙara tsananta tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin fetur: litar da ba ta kai N200 ba ta haura N1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Don haka tambayar farko kafin a taɓa sifana ita ce: wane aiki motar za ta yi? Amsar ita ke zaɓar inji, ba sha'awa ba.

Me ya raba tsohon inji da na zamani?

Kowane injin fetur na buƙatar iska da mai su gauraya daidai gwargwado, sannan fulogi ya ba da wuta a daidai lokaci. Gwargwadon da ya fi dacewa shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi. A yawancin 504 da ke Najeriya kafireto ne ke wannan haɗi. Kafireto ba ya tunani. Yadda bakanike ya saita shi haka zai yi ta zuba mai, ko da sanyin hunturu ko da zafin bazara.

Injin zamani kuwa yana da ƙaramar kwamfuta, wadda kanikawa ke kira birenbos, wato ƙwaƙwalwar inji. Tana karɓar bayanai daga sensoshi, kamar yadda wayar hannu ke sanin an juya ta ko haske ya ragu. Akwai sensa mai ƙirga juyawar inji, da mai auna iskar da ke shiga, da mai auna zafin ruwa, da mai lura da yadda aka taka totur, da mai shinshinar hayaƙi a salansa don gane ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Da waɗannan bayanai ƙwaƙwalwar ke yanke tsawon lokacin da kowace nozul za ta buɗe, sau da dama a cikin daƙiƙa guda.

Nan ne babban darasin yake. Injin zamani ba dunƙulen ƙarfe ba ne da za a ɗauko a dasa. Tsari ne guda: inji, ƙwaƙwalwa, wayarin, sensoshi, famfon mai, har da makulli a wasu lokutan. Idan guda ya ɓace, sauran ba su da amfani, tamkar waya mai tsada da ba a san lambar buɗe ta ba.

Mataki na 1: A fara da jiki

Salun ɗin 504 ba ta da shasi daban da aka ɗora bodi a kai. Jikin ne kansa ke ɗauke da nauyin komai. Saboda haka tsatsa a nan ba maganar ado ba ce. A ɗaga motar a kan rami, a shiga da fitilar waya da sukuddireba. A duba ƙasan kujeru, da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da mazaunin shokazoba na gaba, da ƙarfen da ke riƙe da inji, da wuraren da sifirin na baya ke kamawa. Duk inda sukuddireba ta huda, ƙarfen ya mutu. Maganinsa a yanke a yi waldar sabon falle mai kauri ɗaya, ba a cike da fila a shafe da fenti ba.

Fikof da ta shekara tana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta takan lanƙwashe ko ta tsage a bayan gidan direba. A auna tazarar tayar gaba da ta baya ta dama da ta hagu. Idan ba su zo ɗaya ba, motar ta karkace. Idan gyaran jikin zai kusa cinye kuɗin wata motar mai lafiya, hikima ita ce a haƙura a nemi wani jikin. Kafin a kwance komai, a ɗauki hoton kowane sashe da kowace waya, a adana a jaka guda cikin wayar hannu. Bayan wata uku babu mai tuna inda kowane noti ya fito.

Mataki na 2: Zaɓar inji

Dokar farko ita ce kwanciyar inji. Injinan Camry da Corolla da Honda Accord da Peugeot 406 a gicciye suke, domin tayoyin gaba suke ja. Sanya su a motar da baya ke turawa na buƙatar sauye-sauye masu yawa da tsada. Abin da ya fi sauƙi shi ne injin da tun asali a miƙe yake.

Injin 504 mai lita 1.8 ko 2.0 na kafireto bai kai doki 100 ba. Zaɓin da ya fi kusa shi ne na ƙanwarta 505, domin gida ɗaya suka fito, kuma wasu 505 ɗin na da injin nozul mai lita 2.2. Sai injinan Toyota masu lita 2.7 da ke cikin Hilux da Hiace: 3RZ-FE mai kimanin doki 150, da magajinsa 2TR-FE. Amfaninsu shi ne kusan kowane gareji a Funtua ya san su, kuma ana samun kayansu. Mai neman V8 irin na bidiyo zai ji labarin 1UZ-FE mai lita 4 da ya zo da Lexus LS400 a 1989 da doki 250. Inji ne mai ƙarko, amma ga motar ɗaukar hatsi ya wuce kima: zai sha mai, kuma aksul da birkin 504 ba domin irin wannan ƙarfi aka yi su ba.

Doka ta biyu ita ce awo. Injin 504 a kishingiɗe yake zuwa gefe guda, shi ya sa bonet ɗinta ya yi ƙasa. Injin da ke tsaye cak zai iya dukan bonet ta sama, ko kaskon baƙin mai ya daki ƙarfen ƙasa da sandar sitiyari. A auna tsawo da faɗi da tsayi da tef kafin a biya ko sisi. Kada a yanke ƙarfen da ke riƙe da motar don inji ya samu wuri.

Mataki na 3: A sayi inji da 'yan rakiyarsa

Injinan Beljiyam ana samunsu a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen inji tsirara saboda araha, alhali araha ba ta ado. Abin da ya kamata a haɗa lokaci guda, kuma daga mota guda, shi ne:

1. Injin da dukkan sensoshinsa, da altaneta da kik.
2. Ƙwaƙwalwarsa, wadda lambarta ta dace da shi.
3. Wayarin ɗin inji cikakke, ba wanda aka datse da almakashi ba.
4. Makulli da na'urar da ke karanta shi, idan motar na da tsaron makulli. A irin waɗannan motoci akwai ɗan ƙwayar lantarki a kan makullin. Idan ƙwaƙwalwa ba ta gane shi ba, inji zai juya amma ba zai tashi ba.
5. Fedar totur, idan ta lantarki ce. Yawancin injinan baya-bayan nan ba su da igiyar totur. Feda ce ke aika saƙo ta waya.
6. Giyabos ɗin da ya zo da injin.

A nemi a gwada matsin kowace silinda, a duba ko baƙin mai ya gauraya da ruwa, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji. Tsohon injin kuma kada a yi gaggawar sayar wa 'yan gwangwan. Motar da ke da injinta na asali a ajiye ta fi daraja a wurin masu son kayan tarihi.

Mataki na 4: Giya, farfela da aksul

Ƙarfin inji sai ya bi ta kuloci, da giyabos, da farfela, da aksul kafin ya isa taya. Idan aka haɗa sabon inji da tsohon giyabos, sai an ƙera faranti na musamman da zai haɗa su, kuma kuskuren milimita kaɗan zai riƙa cin kuloci da boris. Shi ya sa ya fi kyau inji ya zo da giyarsa. To amma a nan 504 na da tata matsalar: farfelar salun ɗin tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗe giyabos da aksul na baya. Canza giyabos na nufin sake tsara wannan haɗi gaba ɗaya. Duk farfelar da aka yanke aka yi wa walda dole a daidaita nauyinta a injin juyi, in ba haka ba motar za ta riƙa karkarwa da gudu, har ta kai ga tsinkewa.

Akwai kuma ɗan lissafin da kalkuletar waya za ta yi cikin minti guda. A ɗauka kewayen taya mita 2 ne. Gudun kilomita 100 a awa daidai yake da mita 1,667 a minti, wato taya za ta juya sau 833. Idan aksul na buƙatar farfela ta juya sau 4 kafin taya ta juya sau 1, to a giyar da ke tafiya kai-tsaye inji zai juya kusan sau 3,330 a minti. Idan akwai giya ta biyar mai 0.8, juyin zai sauko zuwa kusan 2,670. Wannan ragin shi ne ragin shan mai da ƙara a doguwar hanya. Amma motar da za ta tashi da buhuna a kan yashi tana buƙatar aksul mai ja, ko da zai rage mata gudu. Nan ma aikin motar ne alƙali.

Mataki na 5: Mai, ruwa da wuta

Famfon man kafireto a hankali yake turawa. Nozul kuwa na buƙatar matsin da ya ninka wannan kusan sau goma. Don haka sai an sa famfon lantarki, da sabuwar matatar mai, da tiyo da aka yi domin wannan matsi. Tsohon tiyo zai fashe ya fesa fetur a kan inji mai zafi, kuma ta haka motoci ke kamawa da wuta. A sauke tanki a wanke tsatsarsa, domin ƙwayar dattin da kafireto zai haɗiye ta isa ta toshe nozul. Man kwalba na 'yan bumburutu, wanda ƙauyuka da dama suka dogara da shi, a tace shi kafin a zuba.

Inji mai ƙarfi zafinsa ya fi yawa, ga kuma zafin watannin Maris zuwa Mayu. Ana buƙatar lagireto da ya dace da girman injin, da fanka mai tashi da kanta. Akwai wata al'ada a garejinmu ta cire tamostat, a kuma haɗa fanka kai-tsaye. A injin zamani wannan asara ce: idan inji bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara mai. Haka kuma a yi amfani da ruwan lagireto na gaskiya, ba ruwan rijiya mai barin gishiri da tsatsa ba. Ƙurar hunturu da ta burji na buƙatar matatar iska mai kyau, a rufe ruf.

Ta ɓangaren wuta, aikin na ƙwararren mai rewaya ne. Kowace hanya ta samu fis, famfon mai da fanka su samu rile, wayoyin ƙasa su kama jikin ƙarfe mai tsabta. A ɗaure ƙwaƙwalwa a cikin gidan direba, a sama, inda ruwan damina ba zai kai ba. A cire kan batir da soket ɗin ƙwaƙwalwa kafin kowace walda. Juya kan batir sau ɗaya tak ya isa ya ƙone ta.

Mataki na 6: Birki kafin gudu

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa idan kuɗi ya ƙare, kuma shi ne wanda ke kashe mutane. Ƙa'idar kimiyya ce: idan gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa na ninkawa kusan huɗu. Idan nauyi ya ƙaru, zafin da birki zai sha na ƙaruwa daidai da shi. Fikof ɗin 504 na da birkin faifai a gaba, na ganga a baya, waɗanda aka auna domin injin da bai kai doki 100 ba. Idan aka ba ta 150, aka loda mata masara, fasinjoji suka hau saman buhuna, sannan shanu suka ratso titi, birkin ne zai yanke hukunci.

A sabunta masta silinda, da bututan birki, da tiyo na roba, da faifai da takalman birki, a zuba sabon man birki. A canza shokazoba da bushin da tayarod. A duba shekarun taya: lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke gefenta suna nuna mako da shekarar ƙira, misali 2321 na nufin mako na 23 na 2021. A sa bel ɗin kujera. Masu restomod na Amurka kan fara da birki da sifirin kafin inji, kuma a wannan sun yi gaskiya.

Inda wayar hannu ke shigowa

Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wata kafar bincike mai fil 16 da ake kira OBD-II, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Idan injin da aka saya na da wannan tsari, a tabbata mai rewaya ya haɗa kafar da fitilar gargaɗin inji, kada ya yar da su. Da 'yar na'urar ELM327 mai Bluetooth da manhaja irin su Torque ko Car Scanner, waya za ta riƙa nuna zafin ruwa, da juyin inji, da ƙarfin batir, da lambobin matsala. Misali, P0301 na nufin silinda ta ɗaya na tsallake wuta. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai. P0335 na nuni ga layin sensar juyawar inji.

Abubuwa biyu a kiyaye. Na farko, lamba na nuna inda za a duba ne, ba kayan da za a saya ba; P0335 na iya zama waya ce kawai ta tsinke. Na biyu, tsofaffin injinan da aka yi domin kasuwar Japan ko Gabas ta Tsakiya ba duka ke magana da wannan na'ura ba, don haka a gwada kafin a saya. Manhajar GPS kuma za ta taimaka wajen gane ko mitar gudu na faɗar gaskiya bayan an canza giya ko taya. Ga masu son zurfafawa, akwai ƙwaƙwalwar inji ta haɗin hannu mai suna Speeduino, wadda aka gina a kan allon Arduino, ana saita ta da kwamfuta.

Gas da lantarki fa?

Akwai wasu hanyoyi biyu. Ta farko ita ce iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shiri a kanta a 2023. Tukunyarta na ɗaukar matsi mai tsanani, kusan ba 200, don haka ba aikin mai waldar bakin hanya ba ne. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da gas a Benin, kuma hukumomi sun danganta abin da tukunyar haɗin gida. Ga mazaunin Tsiga kuma akwai tambayar nisan wurin da zai riƙa sake cikawa.

Ta biyu ita ce lantarki. A 2021 Ford ta fitar da injin lantarki na cikin akwati mai suna Eluminator, mai doki 281, ta kuma nuna shi a cikin tsohuwar fikof F-100 ƙirar 1978. Sai dai abin da ke cikin akwatin bai haɗa da batir da na'urorin sarrafawa ba, kuma su ne masu tsadar. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan bas yana mayar da su masu batir da hasken rana, domin zirga-zirgar cikin gari. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne a Arewa, musamman ga gajerun tafiye-tafiye. Amma batirin lithium na mota ɗan'uwan na waya ne da aka ninka sau dubbai: yana buƙatar na'urar kula da caji, kuma wutarsa na kisa nan take.

Takardu

Takardun mota na ɗauke da lambar shasi da lambar inji. Idan an canza inji ko launi, a je ofishin lasisin motoci da rasit a gyara bayanan, a kuma kai motar jami'an VIO su duba lafiyarta. Wannan ne zai raba mai mota da zargin injin sata a shingen bincike, ya kuma sauƙaƙa sayar da ita nan gaba.

Kammalawa

Kafin a fara, a rubuta kasafi mai layi shida: jiki, inji da 'yan rakiyarsa, giya da farfela, mai da ruwa da wuta, birki da taya, sai takardu da kuɗin aiki. A ware wani abu domin abin da ba a zata ba. Idan kuɗin bai kai ga layin birki ba, to bai kai ga aikin ba. Gara a gyara tsohon injin, a saita kafireto, a jira wata kakar.

Ga matashin da ba shi da mota, darasin bai wuce shi ba. Motocin da ke shigowa ƙauyuka yanzu kusan duk masu ƙwaƙwalwa ne, kuma ba kowane gareji ke da mai karanta lamba da zanen wayarin ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana siffar Chevrolet Volt da aka nuna a Detroit a 2007, ya kuma shugabanci hukumar NADDC daga 2017 zuwa 2023, da zanen motoci a takarda ya fara. Wanda ke da waya, da 'yar na'urar bincike, da haƙurin zama kusa da tsohon bakanike, ya riga ya samu abin farawa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai a tabbata ƙwaryar da za a zuba ta ba ta yoyo.